Yadda Ɗalibi Zai Ɗaga Makinsa a Sashen Auna Fahimta na Jarrabawar JAMB

Kusan duk ɗalibin da ke neman gurbin karatu a Jami'ar Jos, ko a Jami'ar Jihar Filato da ke Bokkos, ko a wata babbar makaranta a ƙasar nan, sai ya bi ta ƙofar jarrabawar UTME wadda hukumar JAMB ke shiryawa, kuma ko wane fanni yake son karantawa, darasin Turanci wajibi ne a kansa. Mai son aikin likita yana iya kauce wa Adabi, mai son karatun Shari'a yana iya kauce wa Lissafi, amma Turanci ya haɗa su duka. Jarrabawar tana da tambayoyi 180, daga ciki 60 na Turanci ne, sauran darussa uku kuma kowanne yana da 40, kuma awa biyu ake bayarwa domin a gama su duka a kan kwamfuta. Idan aka raba minti 120 a kan tambayoyi 180, kowace tambaya sakan 40 take samu. A sakamakon farko da hukumar ta fitar na shekarar 2025, fiye da ɗalibai miliyan 1.5 daga cikin kusan miliyan biyu da suka zauna jarrabawar ba su kai maki 200 cikin 400 ba, saboda haka duk makin da ɗalibi zai iya ƙwatowa da horo kaɗan bai kamata ya bar shi ya zube ba.

A tsarin da manhajar hukumar ta shimfiɗa, sashen farko na takardar Turanci yana da kashi uku: matani guda na auna fahimta mai tambayoyi biyar, matanin cike gurbi mai tambayoyi goma, sai tambayoyi goma daga littafin da aka wajabta karantawa a wannan shekara. Ke nan tambayoyi 25 cikin 60 sun rataya kai tsaye a kan iya karanta rubutu a fahimce shi, kuma ko sauran tambayoyin da ke neman ma'anar jimla ko kishiyar kalma daga wannan rijiyar suke shan ruwa. Ya kamata ɗalibi ya nemi manhajar shekarar da zai zauna jarrabawa ya karanta ta da kansa, domin hukumar takan sabunta ta.

Abu na farko da nake koya wa ɗalibaina a darasin yamma, kuma shi ne wanda ya fi ba su wahala, shi ne su riƙa amsa tambaya daga abin da matanin ya faɗa, su ajiye abin da suka sani a gefe. Wata rana na rubuta musu gajeren matani da Turanci a kan haƙar kuza a tsaunukan Filato. Matanin ya yi bayanin yadda kamfanonin Turawa suka buɗe wuraren haƙa a farkon ƙarni na ashirin, yadda leburori da 'yan kasuwa suka kwararo daga ƙasar Hausa da kudancin Najeriya, da kuma yadda ramukan da aka bari a wajen Bukuru da Barikin Ladi suka cika da ruwa har manoman rani suke ban ruwa da su. Sai na tambaya: bisa ga matanin, me ya jawo mutane zuwa Jos? Cikin zaɓuɓɓukan na sa ni'imar yanayi da sanyin garin, na kuma sa neman aiki a wuraren haƙar kuza. Fiye da rabin ajin suka zaɓi sanyin gari. Wata ɗaliba daga Unguwar Rogo ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai wallahi gaskiya ne, kowa ya san yanayin Jos yana jawo baƙi." Na ce mata, "Gaskiyarki, amma zo ki ɗora yatsarki a kan layin da marubucin ya faɗi haka." Ta zo gaban allo ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ta juyo tana dariya ta ce babu.

Wannan shi ne tarkon da ya fi kama ɗalibai masu ƙoƙari, domin mai shirya tambaya yana sane yake saka zaɓin da gaskiya ne a duniya amma matanin bai ambace shi ba. Ka ɗauki kanka a matsayin alƙali wanda aka kawo wa shaida guda ɗaya tak, wato matanin. Ko da kana da labarin abin da ya faru tun daga gida, ba za ka yanke hukunci da shi ba sai da abin da shaidar ta furta a gabanka. Duk amsar da ka zaɓa, ka tambayi kanka wane layi ne ya tsaya mata. Idan ba ka iya nuna layin ba, to zato kake yi. Wannan ƙa'ida tana aiki har a tambayoyin da ke cewa "it can be inferred" ko "it can be deduced", inda amsar ba a rubuce take ƙarara ba. A nan ana so ka ɗaga ƙafa taki ɗaya kawai daga abin da aka rubuta. Idan matani ya ce manoma suna ban ruwa da ramukan kuza a lokacin rani, kana iya fahimtar cewa ruwan ramukan ba ya ƙafewa da zarar damina ta ɗauke. Amma idan ka zaɓi cewa manoman sun yi arziki, ka yi taki uku, kuma biyu daga ciki da ƙafarka ka yi su.

Ɗalibai sukan tambaye ni ko a fara da karanta tambayoyi ne ko da matani. Malamai sun rabu a kan wannan, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa. Ra'ayina shi ne, tun da matanin JAMB gajere ne, ka fara karanta shi sau ɗaya daga farko har ƙarshe ba tare da tsayawa a kan kalmar da ba ka sani ba, sa'an nan ka faɗa wa kanka cikin jimla guda abin da marubucin yake son cewa. Bayan haka ka shiga tambayoyin, kowace ɗaya ka koma wurin da ta shafa ka sake karanta shi a tsanake, haɗe da jimlar da ke gabansa da wadda ke bayansa. Wanda ya fara da karanta zaɓuɓɓuka yakan shiga matanin da kansa cike da amsoshi uku na ƙarya a kan kowace tambaya, sai idonsa ya riƙa farautar kalmomin da ya gani a zaɓi maimakon bin zaren maganar.

Zaren magana kuwa yana da ƙulle-ƙulle da ake gane shi da su. Kamar yadda Bahaushe idan ya ce "ba don komai ba" ko "sai dai kuma" ka san ainihin abin da ya kawo shi yana tafe, haka marubucin Turanci yake juya akalar magana da kalmomi irin su "however", "but", "yet", "although" da "nevertheless". Sau da yawa marubuci yakan fara da kawo ra'ayin wasu mutane, ya shimfiɗa shi da kyau a jimla biyu ko uku, sa'an nan ya ce "however" ya kawo nasa. Ɗalibin da ke gaggawa sai ya ɗauki ra'ayin farko a matsayin na marubucin, alhali an kawo shi ne domin a rushe shi. Haka kuma "therefore", "thus" da "consequently" suna sanar da sakamako, yayin da "for instance" ke sanar da cewa abin da zai biyo baya misali ne kawai. Idan aka tambaye ka jigon matani ko taken da ya fi dacewa da shi, kada ka zaɓi wanda ya tsaya a kan misali guda, kuma kada ka zaɓi wanda ya yi wa matanin yawa kamar babbar rigar uba a jikin yaro. Matanin da ya yi magana a kan ramukan kuza a Filato, takensa ba zai zama "ma'adinan Afirka" ba, kuma ba zai zama "noman kabeji" ba don kawai an ambaci kabeji a layi ɗaya.

Akwai wasu wurare da mu masu tunani da Hausa muke yawan tuntuɓe, kuma sanin su kaɗai yana ceto maki. A Hausa idan za a kore abu, alamar korewar a fili take, ana jin "ba" a farko da "ba" a ƙarshe, ko a ji "babu" ko "kada". Turanci yana da kalmomin da ke kore magana ba tare da an ga "not" ba. "He hardly reads" yana nufin da ƙyar yake karatu, kusan ma ba ya yi, amma ɗalibi yakan ga "hard" a ciki ya ɗauka ana yabon ƙwazonsa. Haka "seldom", "scarcely", "barely" da "rarely" suke. Bambancin "few" da "a few" shi ma ƙaramin harafi ne amma yana juya ma'ana: na farko yana kukan ƙaranci, na biyu yana cewa akwai ɗan abin da ba a rasa ba. Sai kuma kore biyu a wuri guda, kamar "not uncommon", wanda ke nufin abin yana faruwa a kai a kai. A cikin tambayoyin ma, ka buɗe ido ka ga ko akwai "NOT" ko "EXCEPT", domin a irin wannan tambaya zaɓuɓɓuka uku daidai suke da matanin, kuma baren cikinsu ake nema.

Wurin tuntuɓe na biyu shi ne jimlar da aka jinkirta mai aikatawa zuwa ƙarshe. Mu a Hausa idan ba mu son ambaton wanda ya yi aiki sai mu ce "an kama ɓarawo", idan kuma za mu ambace shi, a gaba muke sa shi. Turanci yakan ce "the chief was warned by the miners", sai ɗalibi ya ga sarki a farkon jimla ya ɗauka shi ne ya yi gargaɗin, alhali shi aka gargaɗa. Duk inda ka ga "was" ko "were" tare da aikatau sa'an nan "by" ya biyo baya, ka tsaya ka tantance wa ya yi wa wa. Na uku shi ne wakilin suna. Hausa tana taimaka mana da jinsi, domin "ta" da "ya" suna nuna abin da ake nufi ko da ba mutum ba ne, amma "it", "this" da "they" ba su da wannan alama, saboda haka sai an koma baya an nemo sunan da suke wakilta, a cire su a sa sunan a gurbinsu a ji ko jimlar ta zauna. Idan kuma jimla ta yi tsawo har ka ɓace a tsakiyarta, ka tsallake abin da ke tsakanin waƙafi biyu, ka nemo mai aikatawa da aikatau tukuna, daga baya ka dawo da abin da ka tsallake.

Tambayar da ke neman ma'anar kalma "as used in the passage" ita ma tana da nata wayon. Ka duba kalmar "ci" a Hausa: cin tuwo daban, cin kasuwa daban, cin jarrabawa daban, cin amana daban, cin bashi daban. Baƙon da ya haddace cewa "ci" yana nufin sa abinci a baki zai ruɗe ranar da ya ji an ce wane ya ci sarauta. Kalmomin Turanci irin su "run", "bear", "sound" da "capital" haka suke, kuma mai shirya tambaya yakan sa ma'anar da kowa ya sani a matsayin tarko, ita kuwa amsar gaskiya ta kasance ma'ana ta biyu ko ta uku. Dabarar ita ce ka cire kalmar daga jimlar, ka gwada zaɓuɓɓukan huɗu ɗaya bayan ɗaya a gurbinta, ka riƙe wanda ya bar ma'anar sakin layin yadda take.

Sa'ad da zaɓi biyu suka yi maka kama da juna, ka auna nauyin kalmominsu. Marubuci mai hankali yakan ce "some", "often", "may" ko "in many cases", sai zaɓin ƙarya ya ɗauki maganar nan ya ƙara mata gishiri da "all", "always", "never" ko "only". Zaɓin da ya kwaso kalmomin matanin sak shi ma abin tuhuma ne, domin amsar gaskiya sau da yawa takan zo da wasu kalmomi dabam masu ma'ana ɗaya, shi kuwa tarko yakan ari kalmomin marubucin ya sauya musu tsari.

Matanin cike gurbi yana da tambayoyi ninki biyu na matanin auna fahimta, amma ɗalibai ba su cika ba shi haƙƙinsa ba. Yawanci yakan zo a kan wani fage na rayuwa, kamar kotu, asibiti, banki, noma, wasanni ko sufuri, kuma abin da ake aunawa shi ne sanin kalmomin da mutanen wannan fage suke amfani da su da kuma waɗanda ke tafiya tare. A Hausa muna cewa an ɗaura aure, an yanke hukunci, an naɗa sarki, kuma babu wanda ya koya mana wannan daga ƙamus, kunne ne ya saba. Turanci ma yana cewa "commit a crime", "pass a bill", "adjourn a case", kuma sabo ne kawai ke kawo shi. Ka karanta matanin gaba ɗaya da gurabensa a buɗe kafin ka cike ko ɗaya, domin amsar gurbi na biyu tana iya ɓoye a jimla ta bakwai.

Littafin da aka wajabta kuwa, hukumar tana sauya shi bayan 'yan shekaru. An yi amfani da The Life Changer daga 2021 zuwa 2024, sa'an nan The Lekki Headmaster ya maye gurbinsa a 2025. Ka tabbatar da na shekararka kafin ka fara. Za ka ga ana yawo da taƙaitaccen bayaninsa a WhatsApp, kuma ba na hana ɗalibi duba shi domin bita, amma tambayoyin sukan gangara zuwa ƙananan abubuwa, kamar wanda ya faɗi wata magana da dalilin faɗinta, waɗanda mai taƙaitawa ya zubar. Ka karanta littafin sau biyu, na farko domin labarin, na biyu da biro a hannu kana rubuta sunayen mutanen ciki da dangantakarsu da abin da kowa ya aikata a kowane babi.

Duk waɗannan dabaru ba za su ɗauki wanda ba ya karatu su kai shi ko'ina ba, saboda haka horon yau da kullum shi ne gindin al'amarin. Abin da na ga yana aiki shi ne minti talatin kowace rana, an fi so bayan sallar Asuba kafin hayaniyar gida ta tashi, ko da sanyin hunturun Jos yana jan mutum ya koma cikin bargo. Ka nemi sharhin edita na jaridar Daily Trust ko The Nigeria Standard ko wata jaridar Turanci, ko tsohuwa ce da aka naɗo ƙosai a ciki, domin sharhin edita yana da irin ginin matanin jarrabawa: ra'ayi, hujja, misali da juyin magana. Ka karanta shi sau ɗaya, ka kife takardar, ka faɗa wa ƙaninka ko mahaifiyarka abin da ya ƙunsa da Hausa cikin jimla biyu. Idan ka kasa, ba ka fahimta ba tukuna, sai ka sake. Bayan haka ka rubuta jigon da Turanci cikin jimla ɗaya. Kalmomin da suka gagare ka, ka zaɓi biyar kawai, ka fara cankar ma'anarsu daga jimlar kafin ka buɗe ƙamus, sa'an nan ka rubuta su a ƙaramin littafi tare da jimlar da ka same su a ciki, domin kalmar da aka haddace ita kaɗai ba ta daɗewa a kai.

Da yawa daga cikinmu mun fara karatu a makarantar allo, inda ake ɗaga murya ana maimaitawa, kuma wannan hanya babu kamarta wajen hadda. Amma a ɗakin jarrabawa, wanda leɓensa ke motsi da kowace kalma ba zai wuce saurin bakinsa ba. Ka koyi karatu da ido kaɗai, kana ɗaukar kalmomi uku ko huɗu a kallo guda, kuma ka daina fassara kowace kalma zuwa Hausa a zuci. Ka bari sai ƙarshen sakin layi ka tambayi kanka me aka ce. Ka riƙa auna kanka da agogo, kana neman gama matani mai kalmomi 200 cikin minti ɗaya da rabi zuwa biyu tare da iya faɗin jigonsa.

Sau biyu a mako ka zauna da tsoffin tambayoyin JAMB ka amsa matani ɗaya da cike gurbi ɗaya cikin ƙayyadadden lokaci. Amfanin wannan aiki yana cikin abin da za ka yi bayan ka duba amsoshi. Ga kowace tambaya da ka faɗi, ka rubuta dalili a gefenta: na amsa daga sanina, ban ga "EXCEPT" ba, na ɗauki misali a matsayin jigo, ban san kalmar ba, lokaci ya ƙure mini. Bayan mako uku za ka ga kuskure ɗaya ko biyu ne ke ta maimaita kansu, kuma su za ka tunkara. Ka kuma sani cewa wasu littattafan tsoffin tambayoyi da ake sayarwa a kasuwar Taminus da ke Jos suna da amsoshin da ba daidai ba, saboda haka idan amsar littafi ta saɓa wa layin da ka nuna a matani, ka kai wa malaminka ya raba gardama.

Tun daga 2015 jarrabawar gaba ɗayanta a kan kwamfuta ake yin ta, kuma karatu a allon kwamfuta ya bambanta da karatu a takarda, domin ba ka iya ja wa layi ƙarƙashi, kuma wani lokaci sai ka gangara ƙasa ka hau sama tsakanin matani da tambaya. Wayar hannu tana taimakawa, amma ba ta maye gurbin zama a gaban kwamfuta. Ka nemi shagon kwamfuta a unguwarku ka yi gwaji ko sau huɗu ne kafin ranar, kuma idan da hali ka yi rajistar jarrabawar gwaji da hukumar take shiryawa. Ka saba da maɓallan A, B, C da D na zaɓen amsa, da N na zuwa tambaya ta gaba, da P na komawa baya, ka kuma kiyayi S, domin shi ne na miƙa aiki.

A ranar jarrabawa ba a shiga da waya ko agogon hannu, lokaci yana tafiya ne a kan allon da ke gabanka. Idan kana da Lissafi ko Fizik a cikin darussanka, ka yi ƙoƙarin gama Turanci cikin minti 30 zuwa 35 domin ka bar wa lissafe-lissafe sarari, ka ware kamar minti bakwai ga matanin auna fahimta da minti shida ga cike gurbi, tun da tambayoyin littafi da na furuci ba sa cin lokaci ga wanda ya shirya. Tambayar da ta riƙe ka fiye da minti ɗaya, ka fitar da zaɓuɓɓukan da ka tabbata ba su ba ne, ka zaɓi ɗaya daga sauran, ka riƙe lambarta a ka, ka wuce. Ba a rage maki saboda amsar da ba daidai ba, don haka kada ka bar gurbi ko ɗaya a buɗe. Idan ka gama sauran darussan da ragowar minti biyar ko goma, ka koma kan tambayoyin matanin da ka yi shakka a kansu, ka sake nemo layin da ya tsaya wa kowace amsa, kuma kada ka sauya amsar farko sai ka ga layin da ya ƙaryata ta da idonka.